Wa Ke Da Makarantar Firamare? Nazari A Kan Yadda Ake Gudanar Da Makarantun Gwamnati A Matakin Ƙaramar Hukuma

1.0 Gabatarwa

A hutun da ya gabata na kai ziyara makarantar firamaren da na yi a garinmu. Na tarar iskar farkon damina ta yaye rufin ajujuwa biyu, an gwama 'yan aji uku da 'yan aji huɗu a ɗaki guda. Na tambayi hedimasta yaushe za a gyara. Ya ce ya rubuta wa ofishin ilmi na ƙaramar hukuma tun watanni uku da suka wuce. Su kuma can sun ce gini ba nasu ba ne, sun miƙa takardar ga hukumar da ke babban birnin jiha. Ita ma hukumar jihar ta ce tana jiran kuɗi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma dai yara na nan cunkushe a ɗaki ɗaya.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu yi nazarin wannan batu. Da yawa daga cikinmu ɗaliban Hausa a aji za mu ƙare, ko lokacin yi wa ƙasa hidima ko bayansa. Ya kamata tun yanzu mu san wanda zai ɗauke mu aiki, da wanda zai biya mu, da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa idan allo ya fashe. Maƙalar za ta duba tarihin al'amarin a taƙaice, da hukumomin da ke da hannu a ciki, da hanyoyin da kuɗi ke bi kafin su iso makaranta. Abin da take son nunawa shi ne, a tsarin Nijeriya mai biyan kuɗi daban ne, mai ba da umarni daban, kuma daga nan ne yawancin matsalolin suke tasowa. A ƙarshe akwai wasu keɓaɓɓun kalmomi da tambayoyin bita.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

A zamanin mulkin mallaka ba gwamnatin tsakiya ce ke riƙe da yawancin makarantun firamare ba. A kudu, 'yan mishan da ƙungiyoyin addini ne suka gina mafi yawansu, gwamnati na ba su tallafi. A arewa kuwa akwai makarantun elementare na En'e, waɗanda ake biyan malamansu daga baitulmali, inda ake tara haraji da jangali. Ke nan tun asali makarantar firamare abar gida ce, kusa da jama'a.

A watan Janairu na 1955 tsohuwar Jihar Yamma, ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo, ta fara ba da ilmin firamare kyauta. Yawan ɗalibai ya tashi daga kimanin 457,000 a 1954 zuwa kimanin 811,000 a 1955. Tsohuwar Jihar Gabas ta bi sahu a 1957, amma kuɗi suka gaza, har aka dawo da biyan kuɗin makaranta a wasu ajujuwa a 1958. Darasin farko ke nan: shelar ilmi kyauta abu ne mai sauƙi, biyan albashi kowane wata shi ne aiki.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare na kowa da kowa a faɗin ƙasa, wanda aka fi sani da UPE. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka fito. A shekarar dai aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka mai da su mataki na uku na gwamnati mai tsari iri ɗaya a ko'ina. Da kuɗin man fetur suka ja baya a farkon shekarun 1980, gwamnatin tarayya ta sauke nauyin a kan jihohi da ƙananan hukumomi, malamai suka riƙa yin watanni ba albashi.

Daga nan aka shiga kai-komo. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa. A 1991 aka rushe ta, aka damƙa makarantun a hannun ƙananan hukumomi kai tsaye. Al'amura suka tabarbare, bashin albashi ya taru, yajin aiki ya yawaita. A 1993 aka sake kafa hukumar, tare da hukumomin ilmin firamare na jihohi, aka kuma fara cire albashin malamai daga kason ƙananan hukumomi tun daga tushe. Malamai sun ji daɗin wannan tsari, amma wasu ƙananan hukumomi masu malamai da yawa suka yi ta kukan cewa bayan an cire albashin ba abin da ke rage musu.

Ranar 30 ga Satumba, 1999, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya, watau UBE, a Sakkwato. Dokar da ta kafa shi ta fito a 2004, kuma a kanta ne tsarin yau ya ginu.

3.0 Abin Da Doka Ta Tanada

Akwai dokoki biyu da ya kamata ɗalibi ya riƙe.

Ta farko ita ce Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 18 ya ce gwamnati ta yi ƙoƙarin samar da ilmin firamare kyauta kuma tilas gwargwadon hali. Jadawali na huɗu kuma ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A nan akwai abin lura ga mai nazarin harshe. Da kundin ya zo kan kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, ya sa su cikin manyan ayyukan ƙaramar hukuma kai tsaye. Da ya zo kan ilmin firamare kuwa, sai ya yi amfani da kalmar da ke nufin sa hannu ko shiga cikin aikin gwamnatin jiha. Kalma guda ce, amma ta raba mai gida da mai taya aiki. A 2002 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa nauyin ilmin firamare na jiha ne, ƙaramar hukuma tana taimakawa ne kawai.

Ta biyu ita ce dokar UBE ta 2004. Ta ce kowane yaro na da haƙƙin karatun shekara 9 kyauta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ta ɗora wa iyaye nauyin kai 'ya'yansu makaranta. Wanda ya ƙi, da farko za a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, bayan haka tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata 2. Wanda kuma ya karɓi kuɗin makaranta daga ɗalibi saɓanin doka, tararsa na iya kaiwa naira 10,000 ko ɗaurin wata 3. Da yake ilmi na cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da ikon yin doka a kansu, kowace jiha ta kafa tata dokar bisa wannan tsari.

4.0 Hukumomin Da Ke Gudanarwa

Za a iya kwatanta tsarin da tsani mai matakala huɗu.

4.1 Matakin tarayya. Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Ƙasa, UBEC, tana Abuja. Ba ta da makarantar firamare tata a garinku, ba ta kuma biyan albashin malamanku na yau da kullum. Aikinta shi ne shimfiɗa ƙa'idoji, da raba tallafin tarayya, da bin diddigin yadda aka kashe shi. Manhajar karatu kuwa daga wata hukumar tarayya take fitowa, watau NERDC.

4.2 Matakin jiha. Kowace jiha na da tata hukumar, wadda a yawancin jihohi ake kira SUBEB. Gwamna ne ke naɗa shugabanta. A nan ƙarfin iko yake. Ita ce ke kula da ɗaukar ƙwararrun malamai da ƙarin girma da ladabtarwa, ita ke ba da kwangilar gine-gine, ita kuma ke tsara biyan albashi. Tana aiki ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Ilmi ta jiha.

4.3 Matakin ƙaramar hukuma. Nijeriya na da ƙananan hukumomi 774, har da guda 6 na Babban Birnin Tarayya. Kano na da 44, Legas 20, Bayelsa 8. A wannan mataki ne ake da Hukumar Ilmi ta Ƙaramar Hukuma, LGEA, wadda Sakataren Ilmi ke shugabanta. Ita ke duba makarantu yau da gobe, da canja wa malamai wurin aiki a cikin yankinta, da raba littattafai da alli, da tattara alƙaluman ɗalibai da malamai. Mai karatu ya lura: ko da yake sunanta na ɗauke da "ƙaramar hukuma", a aikace rahotonta hukumar jiha yake tafiya. Sakataren Ilmi tamkar bawa ne mai iyayengiji biyu, ga ciyaman a kusa, ga hukumar jiha a sama.

4.4 Matakin makaranta. A nan akwai hedimasta da malamai, sai kuma ƙungiyoyi biyu da mutane kan rikita. Ƙungiyar Iyaye da Malamai, PTA, ta iyayen da 'ya'yansu ke makarantar ce tare da malamai. Kwamitin Gudanar da Makaranta, SBMC, wanda Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince da kafawa a tsakiyar shekarun 2000, ya fi ta faɗi. Ya ƙunshi mai gari ko wakilinsa, da shugabannin addini, da wakilan mata da matasa da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, da wakilan yaran kansu, hedimasta kuma shi ne sakatare. Aikinsa shi ne tsara ci gaban makaranta, da lura da zuwan malamai da ɗalibai, da kai kuka gaba. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kwamitin nan shi ne mai ɗakin, sai dai ba shi ke riƙe da kuɗin sayen kwano ba.

5.0 Daga Ina Kuɗi Ke Fitowa?

5.1 Asusun Tarayya. Kuɗin man fetur da na kwastan da harajin kamfanoni suna taruwa a Asusun Tarayya, a raba su kowane wata. A tsarin rabon da aka yi aiki da shi tun 2004, daga kowace naira 100 tarayya na ɗaukar naira 52.68, jihohi naira 26.72, ƙananan hukumomi naira 20.60. Ban da wannan, ƙananan hukumomi na da kashi 35 cikin 100 na harajin kayan masarufi, watau VAT. Kuɗin shigar da suke tarawa da kansu daga kasuwa da tasha kaɗan ne, musamman a karkara. Saboda haka albashin malamin ƙauye ya rataya ne a kan abin da aka raba a Abuja.

5.2 Asusun Haɗin Gwiwa. Sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanadi Asusun Haɗin Gwiwa na Jiha da Ƙananan Hukumomi. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi ta nan yake bi. A yawancin jihohi, daga wannan kaso ake fara cire albashin malaman firamare a miƙa wa hukumar jiha ta biya. Ga inda kullin yake: kuɗin na ƙaramar hukuma ne, amma jiha ce ke ɗaukar malamin, ita ke kuma yanke shawarar yawan waɗanda za a ɗauka. Idan albashi ya makara, ciyaman ya ce an riga an cire daga kasonsa, jiha ta ce abin da ya zo bai isa ba. Malami kuma ya rasa wanda zai kama.

5.3 Tallafin UBEC. Dokar 2004 ta ware wa ilmin bai-ɗaya aƙalla kashi 2 cikin 100 na Dunƙulallen Asusun Kuɗin Shiga na gwamnatin tarayya. Rabin wannan kuɗi tallafi ne na "kawo naka, ga nawa", domin gina ajujuwa da banɗakuna da rijiyoyin burtsatse da sayen kujeru. Sharaɗinsa shi ne jiha ta fara ajiye daidai abin da za a ba ta. A ɗauka misali aikin gini na naira miliyan 100 ne. Sai jiha ta zuba miliyan 50, ta gabatar da tsarin aikinta, sannan UBEC ta saki nata miliyan 50. Jihar da ba ta ajiye nata ba, kuɗinta na nan zaune a Abuja. Hukumar ta sha yin kukan cewa biliyoyin nairori na jibge ba a karɓa ba saboda wannan dalili. Ragowar rabin kuwa ana kashe shi a kan littattafai da horar da malamai da ilmin masu buƙata ta musamman da makamantansu.

5.4 Kasafin jiha da gudummawar jama'a. Jiha na ware wa ilmi kuɗi a kasafinta na shekara, kuma a yawancin jihohi ita ke biyan malaman sakandare. A da, Asusun Harajin Ilmi da aka kafa a 1993 yana taimaka wa firamare da gine-gine, amma dokar 2011 ta mai da shi TETFund, ta taƙaita shi ga manyan makarantu. Akwai kuma ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari da masu hannu da shuni, da hukumomin waje irin su UNICEF da Bankin Duniya. Kuɗin hidimar yau da kullum, irin na alli da tsintsiya da rajista, shi ne wanda ya fi wuyar isowa makaranta. Shi ya sa ake ganin ana ɗora wa iyaye 'yan kuɗaɗe da sunan PTA, alhali doka ta ce karatu kyauta ne.

Yanzu mu koma kan rufin makarantarmu. Gyaran rufi aikin gini ne, saboda haka ba ya cikin kuɗin albashi da ake cirewa daga kason ƙaramar hukuma. Sakataren Ilmi ba shi da asusun kwangila. Hukumar jiha ce za ta sa aikin cikin tsarinta na shekara, tsarin kuma ba zai motsa ba sai gwamnatin jiha ta ajiye nata rabin. Takardar hedimasta sai ta hau matakala uku kafin ta kai inda kuɗi yake, amsa kuma ta sake saukowa matakala uku.

6.0 Hukuncin 2024 Da Muhawarar Da Ya Tayar

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan gwamnatocin jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, amma ya sake buɗe tsohuwar tambaya: wa zai biya malamin firamare?

Masu goyon bayan 'yancin ƙananan hukumomi na cewa idan kuɗi ya zo hannun ciyaman, jama'a sun san gidansa, za su iya tuhumarsa. Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, NUT, kuwa ta daɗe tana neman kada a bar albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi, domin ba ta manta da abin da ya faru daga 1991 zuwa 1993 ba. Tsoronta na da tushe. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Babban Birnin Tarayya sun shiga yajin aiki daga watan Maris har zuwa Yuli, a kan bashin haƙƙoƙinsu da kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Yara sun yi sama da wata uku a gida.

A nawa ɗan fahimtar, kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko za a haɗa kuɗi da iko da alhaki a hannu ɗaya. Idan jiha ce za ta ɗauki malami, to ta ɗauki nauyin albashinsa a fili. Idan ƙaramar hukuma ce za ta biya, to a ba ta murya wajen ɗauka, a kuma tilasta mata bayyana wa jama'a abin da ta samu da abin da ta kashe. Sannan a riƙa tura wani ɗan kaso kai tsaye zuwa asusun kowace makaranta ƙarƙashin kulawar kwamitinta, domin gyaran kwano goma bai kamata ya jira sa hannun babban birnin jiha ba.

7.0 Wasu Keɓaɓɓun Kalmomi

Ga waɗanda, kamar ni, a aji suka koyi Hausa, ga wasu kalmomin da ke da saurin rikitarwa:

Kashi, kaso, kasafi: kashi da kaso tushensu ɗaya, daga aikatau "kasa". Kashi na nuna ɓangare a lissafi (kashi 2 cikin 100). Kaso shi ne rabon da ya faɗo wa wani (kason ƙaramar hukuma). Kasafi kuwa tsarin yadda za a samu kuɗi a kashe su a shekara.

Tallafi da gudummawa: tallafi yakan zo daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, kamar daga tarayya zuwa jiha. Gudummawa kowa na iya bayarwa, ko da kwano ɗaya ne.

Ma'aikata da hukuma: ma'aikata tana ƙarƙashin minista ko kwamishina. Hukuma doka ce ke kafa ta domin wani aiki na musamman. A lura, "ma'aikata" mai nufin wurin aiki da "ma'aikata" jam'in ma'aikaci rubutunsu ɗaya, karin sauti da muhallin jimla ne ke bambanta su.

Asusu da baitulmali: asusu wurin ajiyar kuɗi ne, daga na yumɓu har na banki. Baitulmali kalmar aro ce daga Larabci, tana nufin taskar kuɗin hukuma.

Albashi, alawus, ariyas: albashi na wata-wata ne, alawus ƙari ne a kansa, ariyas kuwa haƙƙin baya da ba a biya ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa makarantar firamaren gwamnati na da iyaye huɗu: tarayya mai ƙa'ida da tallafi, jiha mai iko, ƙaramar hukuma mai kason albashi, da jama'ar gari masu yara. Gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma idan masu ɗaukar ba su san kusurwar da kowa zai riƙe ba, jinkar ƙasa za ta faɗo. 'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda aka tura shi koyarwa ya fara da sanin Sakataren Ilmi na yankin, ya tambaya ko kwamitin makarantar na zama, ya kuma bincika ko jiharsa ta karɓi tallafinta na shekarar. Wanda ya san hanyar da kuɗi ke bi ya san inda zai kai kuka. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana bambancin aikin SUBEB da na LGEA a jimloli biyar.
2. Me ya sa jiha za ta iya rasa tallafin gine-gine alhali kuɗin na nan a ajiye?
3. Yi amfani da "kashi", "kaso" da "kasafi" a jimloli uku mabambanta.
4. A matsayinka na sakataren kwamitin makaranta, rubuta wa Sakataren Ilmi wasiƙar neman gyaran rufin ajujuwa biyu, kada ta wuce kalmomi 150.